Yadda na maido sunan shafin Kawu gida

Ranar wata Talata ce cikin watan Afrilun 2025, ba a daɗe da ƙaramar salla ba, lokacin da albasa ke kwararowa daga Galmi da Madawa har mutum ba ya samun inda zai aje ƙafa a bakin magaza. Muna da kamyo biyu cike, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu suna jiran takardu su kama hanyar Abijan. Sai mai sayen kayanmu na can ya kira ni ta WhatsApp, ya ce tun jiya yake turo takardar ciniki ta imel tana komo masa. Na ce ƙila reso ne, don a Tawa duk abin da ya ƙi aiki reso muke fara ɗora wa laifi. Da na buɗe shafinmu a waya, babu hoton buhuna, babu lambar Kawu. Wani farin shafi ne cike da tallace-tallace cikin Ingilishi, a samansa an rubuta wai wa'adin wannan suna ya ƙare.

Na samu Kawu a kan tabarmarsa suna lissafi da wani dillali, na duƙa na gaya masa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wane irin suna na wanga da ka ƙarewa? Ni sunan da nis sani, in anka yanka rago shi ke nan."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke riƙe da lissafi da takardun kamfani. Shafin da imel ɗin wani yaro ne ya yi mana su a 2019, lokacin yana karatu a jami'ar Tawa, yaro mai hankali da ladabi. Ya ba mu adireshi mai sunan kamfani da .com a ƙarshe, da akwatin imel uku. Duk shekara in Afrilu ya gabato sai ya turo saƙo, Kawu ya ce in aika masa jikka 30 ta Nita, ni kuma in rubuta "kuɗin intanet" a littafi. Ban taɓa tambayar me ake biya da su ba. A bana bai turo ba, ni ma azumi da hidimar salla sun ɗauke mini hankali. Ashe ya samu aiki a Yamai, ya canza lamba, tsohon imel ɗinsa na ɗalibta kuma ya daina leƙa shi. Can kamfanin da aka yi rajistar sunan a wurinsa ya yi ta aika tunatarwa. Ƙa'ida ta tilasta masu su aika saura wata guda, su sake aikawa saura mako guda, su ƙara wata cikin kwana biyar bayan wa'adi ya cika. Duk sun aika. Sun yi ta sallama a gidan da ba kowa.

Kwana huɗu na yi kafin na samo sabuwar lambarsa ta hannun wani abokin karatunsa. Ya ba da haƙuri har na ji kunya, ya biya a daren da katinsa, washegari imel ya dawo. Mun taki sa'a. A .com, in wa'adi ya cika akwai ɗan rangwame wanda ba ya wuce kwana 45, wani kamfanin ma ba ya kai ka can, da za ka biya abin da ka saba biya. In ka wuce shi, sunan ya shiga zangon fansa na kwana 30, a nan kuɗin ninkin ba ninkin ne. Daga nan sai kwana biyar, a sake shi kasuwa, wanda ya riga ya ɗauka. Mu a makon farko muka cim masa.

Bayan ƙura ta lafa na ce ya turo mini hoton wurin da yake biya. A nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Gurbin mai suna, sunansa ne. Imel nasa, lambar waya tsohuwar tasa, adireshi na jami'a. Kamfanin Kawu, mai lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci, wanda sunansa ke jikin buhuna da takardun duwan, bai fito ko'ina ba. Shekara shida muna biyan haya, masu gida ba su san da zamanmu ba. Da a ce ajali ya cim ma yaron, ko mun ɓata da shi, ba mu da takarda ko ɗaya da za mu nuna. Kuma ba da mugun nufi ya yi ba. Shi ke da kati, shi ke da asusu, mu kuma ba mu tambaya ba.

Da dare na zauna yi wa Kawu bayani, da harshen kasuwa na yi shi, kuma a nan ni kaina na ƙara ganewa. Sunan shafi, wanda masu aikin ke ce wa domen, ba a sayensa a mallaka. Haya ce ta shekara-shekara kamar rumfar kasuwa, kuma ba a biyan abin da ya wuce shekara 10 gaba. Duk sunan da ya ƙare da .com yana cikin babban kundi guda wanda wani kamfanin Amurka mai suna Verisign ke riƙe da shi. Shi ba ya ciniki da ɗaiɗaikun mutane, sai ta hannun kamfanonin rajista, su GoDaddy da Namecheap da OVH da Gandi da sauransu. Su ne dillalai. A samansu akwai ICANN, ƙungiyar da aka kafa a 1998, ita ke ba dillali izini, ita ke shimfiɗa ƙa'idar ciniki, kamar dai sarkin kasuwa. A ƙarƙashin dillalan kuma akwai ƴan kayi-nayi masu karɓa daga hannunsu su sayar da ɗan ƙari. Wurin irin waɗannan yaron ya yi mana rajista. Kawu bai sha wuyar ganewa ba, mutumin da ya san hannu nawa buhun albasa ke bi daga fadamar Galmi zuwa tukunyar wata mata a Abijan.

Inda muka sha dariya shi ne kuɗin sari. Na ce masa tun Satumban 2024 Verisign dala 10.26 yake yanke wa dillalai a shekara, bayan ya daɗe a 7.85 daga 2012 har 2021, sai ɗan kason ICANN wanda bai wuce santi 20 ba. Kawu ya aje kofin shayi.

"Dala goma? To mi yas sa muke biyan jikka talatin?"

Shi dalar da ya sani ita ce tamu ta kasuwa, wadda goma ba su wuce sefa 50 ba, kuɗin da ko ƙullin gyaɗa da kyar su saya. Na ce ta Amurka ake nufi, kusan jikka shida ke nan. Sauran kuɗin kuma ba cinye su yaron yake yi ba, don abu uku ne muka haɗa muke kira "intanet": sunan, da masaukin da hotuna da rubutun shafin ke kwana, da akwatunan imel. Kowanne da kuɗinsa, kuma kowanne yana iya zama a gida daban. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Maido shi gida."

Yaron ba zai iya miƙo mini asusunsa ba, don akwai sunayen wasu mutane da yake yi wa aiki a ciki. Ana iya buɗe mana asusu a kamfanin a tura sunan can, amma ni raina ya riga ya fita daga wurin. Komai nasu da Ingilishi ne, kuɗin sabuntawa ya ɗara na wasu, ɓoye sunanka da lambarka daga idon jama'a ma sai ka biya daban, in ka rubuta masu kuma sai ka manta kafin su amsa. Na ƙudura ƙaura za mu yi gaba ɗaya.

Jira na farko da sanina na yi shi. In wa'adin suna ya cika aka sabunta shi a makare, sannan ka ɗauke shi cikin kwana 45 daga ranar cikar wa'adin, shekarar da ka biya tana iya bin ruwa, don babban kundi maida wa tsohon dillali kuɗinsa yake yi ya soke ta. Don haka na bari har ƙarshen Mayu.

Jira na biyu kuwa ni na jawo mana shi. Yaron ya zo Tawa sallar layya. Washegarin salla, ana ta suyar nama, na tare shi a fadarmu da kwamfutarsa a kan gwiwa, na ce yau ba ka tashi sai ka sa sunan Kawu. Ya ce, "Yaya, ka bari in duba yadda ake yi tukuna." Na ce babu wani dubawa, shayi na farko bai ƙare ba za ka gama. Ya goge sunansa ya sa na kamfani, ya sa sabon imel, muka danna amincewa ta ɓangarensa da tamu, na ji kamar na sauke buhu daga ka. Kwana biyu bayan haka na ce ya nemo mana izinin fita, sai ga amsa: an kulle sunan na kwana 60. Tun Disamban 2016 ƙa'idar ICANN ta ce in aka canza sunan mai domen ko imel ɗinsa, a hana shi ƙaura kwana 60, sai fa in kamfanin ya ba da zaɓin a tsallake kullen kuma ka zaɓa tun kafin canjin. Akwai ɗan akwatin da ake dannawa a ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe. Daga ni har shi ba wanda ya karanta. Sauri ya haifi nawa. Da mun danna shi, ko da mun fara ƙaura sannan a gyara mai suna a sabon gida, da tun watan Yuni an wuce wurin.

Na yi fushi kwana ɗaya, amma da na yi tunani ban ga laifin ƙa'idar ba. Ɓarawon da ya shiga asusun mutum abin da zai fara yi ke nan, ya sa imel ɗinsa ya gudu da sunan wani kamfani a wata ƙasa. Kullen ne ke ba mai kaya lokacin farga. Abu ɗaya kuma na yi daidai a wannan zama na fada: imel ɗin da na sa ba na kamfani ba ne mai ƙarewa da sunan namu. Wani Gmail ne na buɗe don wannan aiki kaɗai, ni da babban ɗan Kawu muke da mabuɗinsa. In ka sa imel ɗin da ke rataye da sunan, ranar da sunan ya mutu shi ma ya mutu, takardar ceto kuma can za a aika ta.

Wata biyun nan su na yi amfani da su wajen zaɓen sabon gida, kuma ban yi da-na-sanin tsawonsu ba. Na ja layi a bayan littafin lissafi na yi gida huɗu: kuɗin shiga, kuɗin sabuntawa, kuɗin fansa in an makara, kuɗin ɓoye bayanai. Tun a nan wasu suka faɗi. Za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe cewa shekarar farko kusan kyauta ce. Wanda ya san farashin sari ya san ba a sayar da kaya ƙasa da uwar kuɗi don Allah. A shekara ta biyu ake fanshewa, kuma farashin shekara ta biyun sai ka yi tono kafin ka gan shi, wani lokacin sai ka kai bakin biya. Ni gida na biyu da na uku nake fara dubawa. Wanda na kasa gano kuɗin fansarsa cikin minti goma, na ja masa layi.

Akwai Cloudflare, wanda tun 2018 yake ba da suna a kan farashin sari ba tare da ɗora riba ba. Ya ja hankalina, amma sharaɗinsa shi ne jagorancin sunan, abin da ake kira DNS, ya zauna a wurinsu. Ga wanda ya san aikin ba matsala ba ce, ni kuwa ɗan koyo ne, na bar shi. Na kuma daina ruɗuwa da girman kamfani. Google da kansa ya yi wannan sana'a, a 2023 ya sayar da ita ga Squarespace, miliyoyin sunaye suka wayi gari a hannun wani dillali ba tare da masu su sun nema ba.

Maganar biya ita ta fi rage mini jerin. Cikin manyan na waje da na duba babu mai karɓar Airtel Money ko Nita, sai katin banki. Na fi son wanda ke lissafi da yuro, tunda sefa a ɗaure take da shi, 655.957 kowane yuro ɗaya, abin da ka gani yau shi za ka gani baɗi in ba su ƙara ba, sai ɗan abin da banki zai cira. Dala kuwa kullum da tata rawar. Akwai masu sayar da suna a yankinmu da ke karɓar kuɗin waya, kuma wannan sauƙi ne na gaske ga wanda ba shi da kati, ban raina su ba. Sai dai in za ka bi ta hannunsu, tambaye su abu biyu tun ba ka biya ba: sunan wa za a rubuta a gurbin mai shi, kuma in ka so tafiya wa zai ba ka lambar fita, wato lambar sirrin da ake ɗauke suna da ita zuwa wani kamfani.

Wannan tambaya ta biyu ita na gwada uku na ƙarshe da ita. Na rubuta masu saƙo iri ɗaya da Faransanci, harshen da na yi lakwal da shi, na ce in na kawo sunana wurinku, wata rana na so ɗauke shi, yaya zan yi? Ɗaya bai amsa ba har yau. Ɗaya ya turo mini tallar masauki da ragin farashi. Na ukun ya amsa kafin la'asar, layi biyar, ya gaya mini inda zan danna in cire kulle da inda lambar take, ba sai na roƙi kowa ba. Shi na ɗauka, ko da yake ya ɗara ɗaya daga cikinsu tsada da kusan jikka guda a shekara. Ya kuma yarda a tsare asusu da manhajar waya mai fitar da lamba, ba sai an jira SMS daga waje ba, wanda a nan wani lokaci sai ya ga dama yake isowa.

Ana cikin haka Kawu ya tambaye ni ko mu ba mu da namu na ƙasa. Muna da shi, .ne, kamar yadda Najeriya ke da .ng. Sonitel, kamfanin wayar gwamnati, aka danƙa wa shi, wadda aka haɗe da SahelCom a 2016 ta zama Niger Télécoms. Irin waɗannan na ƙasashe kowace ƙasa da tsarinta, ƙa'idojin ƙaura na ICANN ba su hau kansu ba. Na ce masa za mu iya ƙara shi daga baya, amma tsohon sunan yana jikin takardunmu da wayoyin abokan ciniki, ba a sake shi.

Saura mako biyu kulle ya buɗe, yaron ya turo mini saƙon murya: "Yaya, don Allah kada ka taɓa komai sai mun kwashe DNS." Da bai faɗa ba da na sake tafka wata. Ɗauke suna daga dillali ba ya ɗauke shafi ko imel, suna nan inda suke. Amma akwai wasu layuka da ke yi wa baƙo jagora, kamar ɗan kamasho a tasha: mai neman shafi a nuna masa wannan mota, wasiƙa a nuna mata waccan. Layin A na shafi ne, layin MX na imel. Namu duka a na'urorin tsohon dillali suke zaune, ranar da muka fita kuwa ba dole ne ya ci gaba da yi mana jagora ba. Kuma da zarar ƙaura ta kama hanya ba a iya canza masu jagoran sai ta ƙare. Don haka muka fara maida su wurin kamfanin da ke ba mu masauki. Yana karanto mini ta waya, ina rubutawa da biro a takarda, sannan na shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Shafi ya buɗe, wasiƙa ta shigo, na ce an gama.

Kwana uku bayan haka wakilinmu na duwan ya ce bai ga takardar da na aika masa ba. Wani abokin ciniki na Kumasi shi ma haka. Duk masu Gmail ne. Saƙo na shigo mana, namu ne ba ya isa. Ashe akwai wani dogon layi na TXT a shafi na biyu wanda ba mu gangara mun gani ba, shi ake ce wa SPF, shi ke shaida cewa na'urar da ta aiko wasiƙa da sunanmu da izininmu ta aiko. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsananta a kan wannan, wasiƙar da ba ta da irin wannan shaida ko a maido ta ko a jefa ta kwandon shara. Allah ya taimake mu ba mu fita daga tsohon gida ba tukuna, layin yana nan, muka kwafo shi. A ranar na bar rubutu da biro, na ɗauki hoton kowane shafi har ƙasa.

Cikin watan Agusta kulle ya buɗe, damina ta kankama. Yaron ya shiga asusunsa ya cire kullen ƙaura, ya nemi lambar fita. Wannan lamba ita ce mabuɗin sunan, duk wanda ya riƙe ta yana iya jansa zuwa inda ya so, shi ya sa imel ɗin mai suna ake aika ta, wato nawa yanzu. Ƙa'ida ta ba kamfani kwana biyar ya ba da ita. Su kwana uku suka ci.

Wani tarkacen baƙaƙe ne manya da ƙanana da lambobi da alamomi. Na buɗe ta a waya ina bugawa a kwamfutar biro da yatsa ɗaya. Aka ce ba daidai ba. Na sake, aka sake cewa ba daidai ba. Gabana ya faɗi, na fara zargin tsohon kamfanin da wasa da hankalina, ashe ƙaramin l ne nake karantawa 1. Na buɗe imel ɗin a kwamfutar na kwafo ta kai tsaye, ta shige. Wajen cika takarda kuma a kula, Niger da Nigeria maƙwabta ne a jerin ƙasashe kamar yadda suke a ƙasa, hannu na zamewa kaɗan ka tsinci +234 a gaban lambarka maimakon +227. Gurbin lambar gidan waya ya ƙi barina in wuce, mu da muka saba da BP, lambar akwatin wasiƙa. Na sa 5000 ta Tawa.

Biya ya ci mini kwana biyu. Na je banki na yi katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi, amma ba wanda ya gaya mini sai an buɗe masa hanyar biya ta intanet daban. Aka ƙi karɓa. Na koma na bi layi rabin yini aka buɗe. Da yamma na sake gwadawa, hadari ya taso daga gabas, kuran ya ɗauke, reso ya bi shi, lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta SMS ba ta iso ba sai da lokacinta ya wuce. Na haƙura na kwanta. Bayan sallar asuba, gari tsit, ƙasa na ƙamshin ruwa, na zauna a kan dakalin ƙofar gida na sake. Lambar ta shigo nan take. Kuɗin da na biya ba na ƙaurar ba ne kaɗai, shekara guda ce ake ɗorawa a kan wa'adin da kake da shi, ko kwana ɗaya ba ka asara.

Daga nan sai jira. Tsohon dillali yana da kwana biyar ya amince ko ya ƙi, in ya yi shiru an ɗauka ya amince. Ba kuma don ya ji haushi yake ƙi ba, dalilan a ƙididdige suke: zargin zamba, ko jayayya a kan wane ne mai sunan, ko bashin shekarar da ta wuce, ko umarnin kotu, ko kullen kwana 60 irin wanda ya kama mu. A rana ta biyu wani imel ya shigo daga wurinsu, da kalamai masu daɗi da ragin farashi, da wani babban maɓalli kore a tsakiya. Ni da Ingilishina na kasuwa na ɗauka na amincewa ne, yatsana na kansa. Wani abu ya ce mini in tura wa yaron tukuna. Ya kira ni a guje: "Yaya, kada ka danna! Wannan soke ƙaurar yake yi." Na aje wayar a kan tebur kamar garwashi. Ban sake taɓa komai nasu ba har kwanakin suka cika.

A rana ta shida saƙo ya zo daga sabon gida. Ban yarda da bakinsu kaɗai ba, na shiga lookup.icann.org, inda kowa ke iya buga suna ya ga dillalin da ke riƙe da shi da ranar cikar wa'adinsa da ko a kulle yake. Sabon kamfanin ne, wa'adi Afrilun 2027. Shafi da imel ko minti ɗaya ba su tsaya ba a duk kwanakin. Akwai wani ɗan imel da ya biyo baya na tabbatar da adireshi, mai kama da talla, wanda in ba a danna shi cikin kwana 15 ba a dakatar da sunan. Na danna shi a take, na maida kulle, na ɗaura manhajar tsaro, na rubuta lambobin ceto, na shiga asusu in waya ta ɓace, a takarda. Sabuntawa ta kai-da-kai na kunna ta amma ban jingina da ita ba, don katin da ake zuba wa kuɗi yawanci wayam yake, kuma shi ma yana da ranar mutuwarsa. Na roƙi Kawu ya ƙara shekara biyu. Ya yi ƙorafi kaɗan ya ba da. Wa'adi ya koma Afrilun 2029.

Na je wurin mai fotokopi na bakin kasuwa na fitar da shafin da ke nuna mai suna, na kai masa bayan isha'i. Ya sa aka ɗauko akwatin ƙarfen da takardun filaye da na kamyo ke ciki. Ya ce in karanta. Na karanta sunan kamfani, da Tawa, da Nijar, da shekarar. Ya ce in sake karanta wurin sunan. Ya linke takardar biyu ya sa ta ƙarƙashin ta magaza, ya ce in rubuta ranar a bangon littafin bashi inda ido zai riƙa faɗawa, ya kuma ce in motar Yamai za ta tashi a sa wa yaron buhu guda na zaɓe.

Har na miƙe zan yi masa sai da safe, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kac ce abu ukku na. Shi wancan gidan da shafin ka kwana, da akwatunan wasiƙa, da sunan wa suke?"

Na koma na zauna, na ciro waya na fara neman lambar Yamai.